Na Goma a Gidan Makoki

Mun tashi da asuba ranar Lahadin da ta wuce, ni da mai ɗakina. Ita ta shige kicin tana juye masa da miyar taushe a kuloli, ni na fita ina kankare ƙanƙarar da ta kwana a gilashin mota, yatsuna kamar ba nawa ba. Ku masu bibiyata kun san ba na yin tafiya in hana ku labari. Wannan dai sai da na kwana huɗu ina juya ta a raina kafin na iya zama in rubuta, don ban dawo da daɗi ba.

Ta'aziyya zan je Baltimore. Wani tsohon Bayahude ne ya rasu, wanda na shekara shida ina ɗauka a tasi daga dogon benen da yake zaune a Alexandria zuwa wankin ƙoda, sau uku a mako. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce da ni Alhaji, duk da na sha gaya masa ban je ba tukuna. 'Ya'yansa uku. Babban yana Baltimore, mace tana Rockville, ƙaramin ya rasu tuntuni, ya bar ɗa guda da ya haifa da matarsa Kirista. Baba ne ya riƙe wannan jikan tun yana ɗan shekara bakwai, har ya zama mutum, yanzu ya haura talatin yana aikin injiniya.

Yahudawa suna da wata addu'a da na kusa da mamaci yake tsayawa ya karanta a cikin jam'i, suna ce mata Kadish. Ba a yin ta sai mutum goma sun cika. A bayan motata Baba ya koya wa jikan nan ita, kalma kalma, duk ranar da ya rako mu asibiti. Har yau ina jin muryarsa yana cewa, "Kai za ka karanta min. Alhaji, kai ne shaida." Ni kuma in ce na ji na gani, muna dariya. Da ajali ya zo, jikan yana can ƙarshen ƙasar wajen aiki. Su ma kamar mu ba sa ajiye gawa, washegari aka binne, kafin ya sami jirgi an gama. Abin da ya rage masa shi ne zaman makoki na kwana bakwai a gidan baffansa, babban ɗan Baba, kuma Lahadin nan ce kwana na biyar. Daren Juma'a ya kira ni ya ce ba ya son ya je shi kaɗai. Na ce ko bai kira ba ai zuwa ya kama ni.

Na bar Springfield shida saura. Na sami jikan a ƙofar benen Baba cikin baƙar kwat, hannunsa riƙe da takardar addu'ar, ta sha ninki har ta fara yagewa. Muka haye gadar kogin Potomac gari bai waye ba, titi fayau, abin da ba ka gani ranar aiki. A Beltsville muka ɗauki abokina, direba ne shi ma, mutumin Maraɗi, wanda ya sha karɓar Baba duk ranar da na makara. Muka tsaya shan mai, galan dala uku da ɗoriya, shi kuma yana ta mita wai esansi ya fi araha a Virginia, me ya hana ni sha can. Shekara goma sha biyu a Amurka, har yau bakinsa bai yarda ya ce fetur ba. Ya sayi kofi uku da wani biredi mai rami a tsakiya, taurinsa sai mai haƙori.

Daga nan babbar hanya ce miƙaƙƙiya zuwa arewa, itatuwa duk sun zubar da ganye. Jikan yana bitar addu'ar, leɓɓansa kawai ke motsi. Ni kuwa tunanin Baba nake.

Kafin na san shi, a wajena Bayahude ɗaya ne, kamar yadda Bature yake ɗaukar duk mai kallon gabas abu guda. Wata Asabar da na kai shi majami'arsu na tambaye shi, ba an ce ku ba kwa hawa mota ran Asabar ba? Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan su babban ɗansa ne. Shi ne ya warware min. Akwai 'yan Otodoks, waɗanda suka ce Attaura harafi harafi aka ba Annabi Musa tare da bayaninta, don haka doka doka ce, ba mai taɓa ta. Ran Asabar ba mota, ba kunna wuta, ba waya. Akwai 'yan Rifom, nasa ke nan, da suka ce littafin akwai hasken Allah a ciki amma akwai hannun mutane, saboda haka a riƙe gaskiya da adalci, sauran kowa ya ɗauki abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Na taɓa leƙa majami'arsu ina jiransa, na ga maza da mata a haɗe, mace ce ma malamar, har da kiɗan jita. Sai 'yan Konzabatib a tsakiya, su 'yarsa, masu cewa doka tana nan amma malamai suna iya gyara mata zama daidai da zamani. Ya ce babban ɗansa a gidan Rifom ya tashi, sai da ya shiga jami'a ya koma wajen masu tsauri, tun daga nan bai ƙara cin abinci a kwanon mahaifinsa ba. Ya faɗa da murmushi, amma na ga idonsa ta madubi.

Duk wannan na ji, na ɗauka na gane. Abu guda ne bai gaya min ba, ni kuma ban tambaya ba, don bai taɓa zuwar min cewa abin tambaya ne ba.

Bakwai da rabi muka shiga unguwar baffan. Gidaje ne na jan bulo a jere, tsaf tsaf. Maza sanye da baƙaƙen huluna suna sauri, kowa da 'yar jakarsa a hammata, mata da dogayen siket da ɗankwali suna tura kekunan jarirai. Abokina ya ce in ban da sanyi sai ya rantse wata unguwar malamai ce a gida. Shaguna duk an rubuta irin abincin da ya halatta musu, kosha suke cewa.

Ƙofar gidan a buɗe take, ba a ƙwanƙwasawa. Matar baffan ta tare mu a zaure. Na miƙa kuloli da hannu biyu, na ce iyalina ce ta dafa, naman rago ne, yankan Musulmi, ba abin da ya taɓa alade. Ta yi godiya sosai, har da dafa ƙirji, amma hannunta bai taɓa kulolin ba. Ta ce in yi haƙuri, ba sa cin abin da aka dafa a tukunyar da ba tasu ba, kuma yankansu daban ne. Ta nuna min wani lungu kusa da takalma in ajiye. Masar da mai ɗakina ta jiƙa wa shinkafa tun jiya, ga ta nan a gefen takalman mutane. Na haɗiye, na ce ba komai, kowa da addininsa.

Falon kuwa zaman makoki ne sosai. An rufe madubai da zannuwa, kyandir na ci a kan tebur. Baffan yana zaune a wata 'yar guntuwar kujera kusa da ƙasa, gemu buzu-buzu, gaban rigarsa a yage, don haka suke yi in uba ya mutu. Mata suna can ɗakin cin abinci, an ja labule. Da ya ga ɗan ƙaninsa ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Wannan na gani da idona, kuma dole in faɗa. Mu aka nuna mana kujeru a bango. Hulunanmu na gida sun wadatar, ba a ce mu sa tasu ba.

Maza suka yafa fararen mayafai masu geza, suka ɗaura wasu 'yan akwatunan fata a goshi da damtse, suka naɗe igiyar har yatsu. Jikan ya sa 'yar hula, ya koma can baya kusa da ƙofa ya tsaya. Sai kuma aka yi cirko-cirko. Wannan ya duba agogo, wancan ya leƙa taga. Na tambayi na kusa da ni me ake jira, ya ce mutum ɗaya ya rage goma ta cika, an aika a kira maƙwabci.

A nan na yi abin da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ɗaga yatsa na ƙirga masu mayafi, tara. Na ƙara da jikan, goma. Na ga kamar ruɗewar mutuwa ce ta sa suka manta da shi a bayan ƙofa. Mu a wajenmu ɗa na uba ne, ko wace ce uwarsa. Jikan mutum ta wajen ɗansa namiji, mai ɗauke da sunan gidan, wa zai fi shi cancanta? Kuma kun san halinmu, in ka fara furfura ka ga ana shirin yin kuskure a taro, ba ka yin shiru. Na miƙe, na gyara murya, na ce da Turancina na tasi, "Ku yi haƙuri dattawa, ai kun cika. Ga jikan marigayi nan. A gabana kakansa ya ce shi zai karanta masa."

Daga baya na ji ko ƙirga mutane da yatsa ma ba sa so, ni kuwa na yi, har da nuni. Abokina ya ja gefen rigata yana raɗa, "Mi ya kai ka? Zamna!" Baffan ya ɗago kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce a hankali, "Malam, na gode da abin da ka yi wa mahaifina. Wannan ɗan ƙanina ne, jinina ne, ina son sa. Amma mu uwa muke bi. Mahaifiyarsa ba Bayahudiya ba ce. Ba ni na kafa dokar ba, ba ni da ikon cire ta."

Duk mutanen falon suka juya suka kalli jikan. Wasu ma ba su sani ba sai lokacin. Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Ana haka maƙwabcin ya shigo yana hamma, takalmi ba a ɗaure ba, mutumin da bai taɓa ganin Baba ba ko sau ɗaya. Shi ne na goma. Aka fara. Da aka zo Kadish baffan ya miƙe ya karanta, na gane ta tun daga kalmar farko, don na sha jin ta a bayan motata. Na waiwaya wajen ƙofa, jikan ba ya nan.

A jikin mota muka same shi. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ya san dokarsu tun yana yaro. Niyyarsa ya tsaya a baya, in baffansa ya fara ya bi shi a hankali, ba wanda zai hana shi, ba wanda zai ce komai. Haka suka saba, kowa ya sani kowa ya yi shiru. "Amma da aka faɗa a fili, Alhaji, bakina ya ƙi buɗewa." Na koma zaure na kwaso kulolina kamar ɓarawo.

Ya ce mu gwada gidan gwaggonsa. Ita kwana biyu ta yi a Baltimore ta tattara ta koma Rockville ta ci gaba da nata zaman, saboda a gidan yayanta bayan labule aka ajiye ta, ita da ta yi jinyar uban. Tafiyar awa guda ce, ta cikin gonaki da gidajen masu hali, filin gaban gida kaɗai ya isa a yi kasuwa. Mun tsaya a gefen wani shago muka yi walaha ni da abokina, jikan yana zaune a mota. Rana ta fito amma ba ta da zafi.

Gidan gwaggo ya fi sakewa. Madubai a rufe su ma, amma ita ba ta yaga riga ba, wani ɗan baƙin ƙyalle ta maƙala a ƙirji shi aka yanka. Maza da mata a haɗe suke, wata dattijuwa ma da mayafin addu'a a kafaɗa. Ta rungume ɗan ƙaninta tana kuka. Abincinmu dai nan ma bai shiga ba, don ita ma tana kiyaye kicin ɗinta, sai dabinon da abokina ya zo da shi a leda ta karɓa da murna. Za su yi addu'ar rana, kuma a nan ana ƙirga mata. Na ce a raina Alhamdu lillahi, waɗanda suka ƙirga mace ai ba za su bar jika ba. Wannan karon na kama bakina.

Sai na ga ta ja shi gefe kusa da inda muke, tana magana ƙasa ƙasa. Ta ce ya tsaya kusa da ita ya karanta, ba mai hana shi. Amma ƙirga, malaminsu ba zai ƙirga shi ba, don su ma a kan wannan uwa suke bi. Ta ce abu ne mai sauƙi, ya je gaban malamai uku, ya nutsa a ruwan tsarki, shi ke nan an wuce wajen. Ya dube ta ya ce, "Gwaggo, in shiga addinin da na tashi a ciki? Ni na riƙe wa kakana littafi shekara ashirin da biyar." Ta ce ta sani, wallahi ta sani. Ya sumbaci goshinta ya fita. Ita da aka ajiye bayan labule a gidan yayanta har ta yi fushi ta bar gida, ga ta ta ja wa wani nata labulen, kuma da hawaye ta ja.

A mota na ce to ai majami'ar Baba tana nan, su sun yarda da kai. Ya ce e, 'yan Rifom in ubanka Bayahude ne kuma an rene ka a kai, kai nasu ne, kuma zai je ran Juma'a. Amma ba su yake so su ji ba. A gaban 'ya'yan Baba yake so ya cika alkawarin. Sai ya ce mu kai shi maƙabarta.

Tana wajen Beltsville, a kan hanyarmu ta komawa. Kafin mu shiga yunwa ta ci ƙarfinmu, muka buɗe but ɗin mota muka baje kuloli a wurin ajiye motoci. Masar ta huce, miyar ta yi kitse a sama, amma jikan ya ci guda shida da hannu, ya ce kakansa ma yana son ta. Gaskiya ne, Baba ba ya tambayar tukunyar da aka dafa.

Kabarin sabo ne, jar ƙasa, ba a kafa dutse ba tukuna. Abokina ya tsaya can nesa wajen wata bishiya, ya ce shi iyakarsa nan. Ni na bi jikan har bakin kabari. Ya tsinci ɗan dutse ya ɗora, haka suke yi maimakon fure. Ya warware takardarsa, ya ce ya san ba goma, ba ma biyu, amma zai karanta. Ya ce akwai wuraren da mai karatu yake tsayawa jama'a su ce amin, in ya ɗaga kai in taimaka masa.

Ya fara. Ya kai wajen farko, ya ɗaga kai ya dube ni. Ni kuma a daidai lokacin na ji idon abokina a bayana. Na tuna masallacinmu, na tuna yadda magana take tafiya a cikin direbobi, a ce wane ya je maƙabartar Yahudu yana amsa musu addu'a. Na tuna abin da aka karantar da mu a kan roƙa wa wanda ba Musulmi ba gafara. Bakina ya yi nauyi, na kalli ƙasa. Ya jira kaɗan, ya ce amin da kansa, ya ci gaba. Sau huɗu yana ɗaga kai, daga na uku bai ƙara kallona ba. Ya gama, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce mu tafi.

Mun sauke abokina a ƙofar gidansa, muka kama hanyar Virginia, cunkoson yamma ya fara. A kan gada na kasa daurewa, na tambaye shi me addu'ar take cewa. Ya ce ba sunan mamaci a ciki, ba neman gafara, ko mutuwa ba a ambata. Girmama sunan Allah ne daga farko har ƙarshe, sai roƙon zaman lafiya. Shekara shida ina jin ta a bayan kujerata ban taɓa tambaya ba. Ban sani ba ko da na san ma'anar zan iya amsawa, wannan malamai ne za su faɗa. Abin da na sani shi ne ba ilimi ne ya rufe min baki ba, tsoron bakin mutane ne.

A Alexandria ya fita, ya leƙo ta taga ya ce na gode Alhaji, a gaida gida. Ya faɗa da ladabi, irin ladabin da baffansa ya yi min da safe.

Na iso Springfield ana kiran magariba a wayata. Mai ɗakina ta buɗe kuloli ta ga biyu ba a taɓa ba, ta dube ni, na ce labarin da tsawo. Na tafi da niyyar in ga yadda Yahudawa suka rabu gida uku, na gani kuwa, kowane gida da inda ya ja layinsa, kuma ba wanda ya ja da mugunta. Duk hanyar Rockville ina zagin baffan nan a zuciyata. Na manta ranar jana'izar mahaifina a Kano, da yayana ya ƙi bin limamin unguwa don limamin yana sakin hannu a salla, ya ja mutanensa gefe suka jira aka idar, gawa tana kwance a tsakani. Ran nan na rantse ni ba zan taɓa zama irinsa ba.

Baba ya sa ni shaida. Da safe na yi magana inda ya kamata in yi shiru, da yamma na yi shiru inda aka roƙe ni kalma ɗaya. Jiya na kira jikan sau biyu bai ɗauka ba. Ya turo saƙo cewa yana wajen aiki, zai neme ni. Gobe Juma'a ce, zai tsaya a majami'ar kakansa ya karanta a cikin mutanen da za su amsa masa, kuma wannan karon bai ce in raka shi ba.